Ragowar Barci

A Oulu rana ta faɗi tun kafin ƙarfe uku,
ƙanƙara ta liƙe bakin taga.
Vuokko ta kwantar da Kerttu a keken jarirai, can baranda,
cikin ulu ninki huɗu, yadda iyayen garin suke yi,
ta dawo gaban allo da gahawa mai ɗaci.

Aikin da Tapani ya bar mata bai cika layi ba:
a koya wa manhaja barci.
In an ce daƙiƙa goma, ta kwanta goma,
ba tara ba, ba har abada ba.
Kuma a rumbun tsari za a zuba shi,
inda kowa ke ɗiba bai tambayi wa ya noma ba.

Ta ce, wannan ai shan ruwa ne.
Layi biyu ta rubuta:
ɗaura ƙararrawa,
sannan kwanta ki jira.
Ta gwada sau ɗari, aka farka sau ɗari.
Can a na dubu da wani abu
na'ura ta yi nauyi, ayyuka suka cunkushe ƙofa,
ƙararrawa ta kaɗa tun manhaja ba ta kai ga matashi ba.
Ta ji, ta amsa, sannan ta miƙe ƙafa
tana jiran abin da ya riga ya wuce.
Barci dai ƙanin mutuwa ne;
wannan kam ya bi wansa har gida.

Ashe tsakanin layi da layi akwai rami,
bai kai ƙiftawar ido ba,
amma ya isa ya haɗiye dare.

Sai ta fara toshe kunnen manhaja tukuna,
kana ta ɗaura ƙararrawa.
In ta yi gaggawar kaɗawa, ta tsaya a bakin ƙofa,
ba shiga, ba ɓacewa.
Buɗe kunne da kwanciya kuwa
ta ɗinke su numfashi ɗaya,
ko allura ba ta samun wurin ratsawa.

Ta kai hannu za ta rufe, saƙon Tapani ya faɗo:
To wanda ya riga ki ɗaura tasa fa?

Ta yi tsaki. Gaskiya ya faɗa.
Ƙararrawa ɗaya ce tal a gidan,
ita kuwa baƙuwa ce, aro ta zo.
Dole ta duba nawa ya rage wa mai gida,
in tasa za ta riga kaɗawa, a tashi a kan tasa,
in ba haka ba, ta ɗebe abin da ta ci,
ta mayar da saura yadda ta tarar.
Mai gadin da ta ɗaga daga kujera,
shi ma ta zaunar da shi, ta ba shi sandarsa.
Mai aron kirki ba a gane ya shigo.

Ƙarfe huɗu saura kwata,
motar kwashe ƙanƙara ta bi layin da ruri.
Daga baranda kuka ya tsaga gilashi,
ishara ce da ba wanda ya ɗaura ta.
Awa biyu aka yi wa yarinya alkawari,
minti hamsin ta samu.

Vuokko ta ɗauko ta, kumatu jawur, hanci sanyi ƙalau,
ta zauna da ita a cinya,
da hannu ɗaya ta ƙarasa layin ƙarshe:
in wani abu ya katse barci,
a faɗa wa mai shi nawa ya rage,
ko zai so ya koma ya cike.

Ta daɗe tana kallon layin.
Wata bakwai ke nan ita ma ana katse mata,
da a ce akwai mai riƙe lissafi
da ta san ko nawa take bin duniya.
Kerttu ta kama mata yatsa ta cusa a baki.
Gahawa ta huce.
Gwaji na dubu goma yana tafe a allo,
ana kwanciya, ana tashi,
ana kwanciya, ana tashi.