Lamba Sha Huɗu

A Tartu, ƙarfe shida, gari bai waye ba,
kogi ya daskare har gindin gada.
Na kunna fitila, na zura safar hannu,
ɓeraye arba'in suka ɗago hanci.

Ranar farko da na yi wa Lamba Sha Huɗu allura
ya narke kamar tsumma a tafin hannuna.
Na kwantar da shi rigingine, bai juyo ba
sai da agogo ya cinye minti hamsin.
Rana ta bakwai, minti sha biyu.
Mako uku ke nan,
allurar dai ita ce, awon dai shi ne,
hamma kawai ya yi, ya koma gaigayar katako.

Dakta Raudsepp ta ce ƙwaƙwalwa ba ta barin bashi:
danne ta da dutse kullum,
za ta koyi turowa daidai nauyin dutsen.
Ɗauke dutsen, ka sha kallo.

Muka ɗauke.
Kwana biyu babu allura.
Na karkaɗa makullai bisa kejinsa, yadda takarda ta ce.
Maƙwabcinsa, da bai san komai ba sai ruwan gishiri,
ya kaɗa kunne, ya ci gaba da wanke fuska.
Shi kuwa ya zabura, ya zagaye keji sau uku,
ya faɗi, ƙafafu a miƙe, wutsiya ta sandare,
farfaɗiya ta murɗe shi kamar ana matse wanki.
Daƙiƙa ashirin da shida. Na rubuta.
Hannuna ko gezau.
Sabo da kaza ba ya hana yanka ta;
ni ma, ashe, jikina ya saba da nasa awon.

Da yamma na hau bas zuwa Annelinn.
Mahaifiyata, Helve, ta dafa dankali da kifi.
Tun rasuwar Endel take shan rabin ƙwaya don barci.
Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama biyu,
yanzu ko da biyun, idonta biyu motar shara ke wucewa.
"Gobe na daina," ta ce, "ɗungurungum.
A masai zan zuba su."

Na dafe kwalbar.
"A'a, Mama. Da likita. Gutsure-gutsure, sannu a hankali."
Ta harare ni ta saman tabarau:
"Ni ɓeranki ce?"

Ban amsa ba.
Da zan tafi, na ɗauki makullaina a kan tebur,
na dunƙule su a hannu
kada su yi ƙara.