Inda Babban Yatsa Ke Sauka

Rumfata na bakin tashar Ɗan Isa,
tsakanin mai shayi da mai facin taya.
Shekara tara ina buɗe cikin wayoyi,
na san ciwon kowace tun daga fuska:
wadda ta sha ruwan Gulbi,
wadda aka maka wa bango cikin faɗa.
Bana sabon ciwo ya shigo Maraɗi:
gilashi ya dushe can ƙasa,
daidai inda babban yatsa ke sauka.

Nomau ya fara kawo min irinta.
Ɗan kabu-kabu ne, babur ɗin wani Alhaji a Bagalam,
kowace magariba jikka biyu zai kai masa.
Ya ce, “Maigida, ga yadda abin yake.
Ka zuba dala ashirin, ɗan jan jirgi ya tashi,
lamba na bin sa tana kumbura:
ɗaya da rabi, biyu, uku.
Inda ka danna, nan za a ninka maka.
In ya ɓace kafin ka danna,
to, ka yi wa iska sadaka.”

Na ce, wa ke tuƙa shi?
Ya ce, ba kowa.
Na ce, ko amalanke da mai tura ta.

Wata Laraba ya riƙe numfashi har sha huɗu,
dala ɗari ta haifi jikka bakwai.
Ya sai mana balangu, har mai faci ya lashi yatsa.
Ya sayi littafin ’yan lakkol
yana rubuta lambobin da suka wuce,
wai bayan ƙanana biyar dole babba ta zo.

Ni da ke kwana da na’ura na san halinta.
Ba ta tuna jiya, ba wanda ke bin ta bashi.
Tun jirgin bai ɗaga ƙafa ba
an gama rubuta inda zai faɗi;
hawan da kake kallo jan rai ne kawai.
Wani zubin a ɗaya cif yake mutuwa,
ko sallama babu,
ya naɗe tabarma da duk wanda ke kanta.
Sunayen da ke gudu a gefe, wane ya ci, wane ya ci,
ina layin waɗanda aka ci?
Kuma kowane awo, mai gida na rage ɗan tafinsa,
kaɗan-kaɗan,
irin cin gara a rumbun gero.

Na faɗa masa. Ya ce, “Kai dai gyara ka sani.”

Ya rasa ɗari, ya zuba ɗari biyu.
Ya rasa, ya zuba huɗu,
wai ramuwa ɗaya za ta share duka.
Wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba
ya sayar masa da sirrin jirgi jikka biyar;
ni na kwana ina cire masa sirrin daga waya.
Ran Juma’a Alhaji ya karɓe makulli.

Jiya ya zo a ƙafa.
Ya ajiye ta kan teburina: “Nawa?”
Na ce jikka tara. Bai yi ciniki ba.
Ya tsallaka titi,
na hango shi yana aron wayar mai shayi.

Bayan isha na zauna in goge ta.
Ashe bai rufe ba, da ragowar dala shida a ciki,
ga jirgin yana tashi, bai san an sayar da shi ba.
Biyu.
Huɗu.
Tara.
Ashirin da ɗaya, bai faɗi ba.
Na ji yawu ya tsaya min a maƙogwaro.
Na dubi hannuna:
babban yatsana ya riga ya sami wurin nan da ya dushe,
ya zauna daram,
kamar da shi aka auna.