Kurman Ƙarya

Shekara talatin ina bayan labule
a gidan matasa, bisa benci mai ɗingishi,
ina raɗa wa 'yan wasa abin da suka manta.
Ba a taɓa tafa mini ba, ban kuma nema ba.
Aikina ke nan tun zamanin samariya.

Wasan ya girmi rabin masu kallonsa:
Alhaji Banjiba, bashi ya yi masa katutu,
sai ya ari kurumta ya yafa.
Mahauci ya zo, tela ya zo, mai ga-ruwa ya zo,
a ce masa, "Kuɗina!" ya ce, "Lafiya lau, ina gajiya?"
Can ƙarshe yaron gida ya saki dala a siminti,
Alhaji ya waiwaya,
Birni da Zango su kife da dariya.

Bana Gaptiya ta dawo daga Yamai da tabarau da takardu.
Ta ce, "Wa ke sunkuyawa don dala yau?
A sa masa salula a aljihu.
Saƙon kuɗi ya shigo, tin-tin, ya zabura."
Ta mai da mahauci ɗan kabu-kabu,
tela ya koma mai cajin waya.
Mai ga-ruwa kaɗai ta ƙyale,
don a Damagaram shi ba ya tsufa,
jikan jikanka ma ya san hanyar rijiya.

Baba Manzo, da ke sa rigar Alhaji
tun gemuna yana baƙi,
ya yi gardama kwana uku.
Yara suka ce rikicin tsufa ne.
Ni na lura a wajen gwaji:
salula ta yi kuka, bai motsa ba
sai da ya ga bakuna sun buɗe.
Ashe dalar ma tun bara waccan ba jin ta yake ba,
ƙyallinta yake kamawa da wutsiyar ido.
Ƙarya ta daɗe da haya a kunnensa
har ta saye gidan, ta zama gaskiya.

Ban gaya wa kowa ba.
Daren Asabar na karɓi salular kamar zan goge ta,
na hana ta kuka, na koya mata makyarkyata.
Na ce wa Gaptiya ƙarar ba ta kai kujerun baya,
ni zan yi ta da cokali da kofin shayi.
Na zura masa ita aljihun ƙirji,
daidai inda ake jin zuciya.

Kuran ya ɗauke a fitowa ta biyu, halinsa ne.
Ba wanda ya tashi.
Salula ɗari biyu suka haska dandamali,
mai gyaɗa ma ta ɗaga tata daga bakin ƙofa.
Lokaci ya yi.
Hagu ta danna lamba, dama ta buga kofi:
tin-tin!
Rezo ya ƙi tafiya.

Numfashi ɗaya.
Biyu.
Alhaji tsaye kamar dutsen Birni,
gumi yana bin bayana.
Uku. Wata tsohuwa ta ce, "Jarumi, ya daure!"
Huɗu, sai ya yi tsalle, hula gabas, carbi yamma,
hannu biyu cikin aljihu.
Ban taɓa jin rufin kwanon nan ya amsa haka ba,
har jemagu suka bar bishiya.

Gaptiya ta riƙe hannunsa bayan fage:
"Baba, wannan jinkirin! Kwaɗayi yana kokawa da wayo!
Kada ka sake shi."
Ya karanta leɓɓanta, ya gyaɗa kai.

Mun taka har kasuwar Dole ba magana.
Wajen rabuwa ya ɓare goro,
ya miƙo mini ɓari mafi girma,
ya ce da ƙarfi, yadda kurame ke yi,
"Gobe ka kira da wuri.
Ƙirjina ba na yaro ba ne."
Na ce, "To, sai da safe."
Ya ce, "Lafiya lau, ina gajiya?"