Mai Wankin Riguna

Shekara ashirin da uku ina wanke rigunan yaran nan
a ƙarƙashin filin wasan wata jami'a a Mississippi,
inda injin wanki ke gunji kamar sa a turke.
Ba da fuska na san su ba. Da dauɗa.

Tavion, lamba tamanin da ɗaya, mai cafe ƙwallo,
koren ciyawa kullum a kafaɗar hagu,
don ta nan yake faɗuwa.
Kendarius, hamsin da shida,
jinin haɓo a wuyan riga, laka har cikin ɗinki.
Shi ne bangon da ake karo da shi
domin wani ya samu hanya.

Da sanyi ya ja baya masu farautar 'yan wasa suka zo
da igiyar awo da agogo.
Suka auna tafin hannu, suka auna damtse,
suka lallatsa gwiwar Kendarius
inda likita ya tsaga ya ɗinke,
suka yi rubutu, ba su ce uffan ba.
Ko a kara, mai taya sa yakan yi wa mai shi sallama.

Kwana uku ake yi ana kiran sunaye.
Na ɗora ƙaramin talabijin a kan kwandon safa.
Dare na biyu aka kira Tavion.
Falon kakarsa ya kaure, har kujera ta kife.
Ya kifa hular wani birni da bai taɓa takawa ba,
can inda ƙanƙara ke toshe ƙofa,
yana kuka cikin kwat ɗin da bai gama biya ba.
Na tafa ni kaɗai.
Kumfa ta fantsamar mini a ido.

Rana ta uku, zagaye na bakwai.
Sunaye na bin gindin allo kamar jerin gwano,
ɗari biyu da hamsin da ɗoriya.
An ce uwar Kendarius ta soya tarwaɗa ta mutum arba'in,
ta ajiye waya tsakiyar tebur, cike da caji.
Sau ɗaya ta yi ƙara.
Kawunsa ne, yana tambaya ko an kira.

Wai rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
To, na ga wani rabon ya hau jirgi.

Ran Litinin ya zo kwashe kayansa.
Ya ce, "Mista Ozell, wata ƙungiya ta ce in je gwaji,
kwana uku, ba alkawari."
Sai ya tsaya yana kallon kwando.
"Rigar wasan ƙarshe, kar ka wanke ta."

Doka ta hana fitar da kayan makaranta.
Na naɗe ta a leda, da jininta da lakarta,
na cusa masa ƙarƙashin takalma.

A watan Agusta wani yaro zai karɓi hamsin da shida.
An riga an aiko mini da sunansa.
Harafi tara ne. Zare ya kusa ƙare mini.