Mai Faci a Bakin Sabuwar Hanya

Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci daga rami.
Ba na ɓoyewa. A kwanar bayan Ikorodu
akwai wani rami mai baki irin na kada,
damina ta cika shi, rani ya wasa masa haƙora,
duk motar da ta gaishe shi sai ta bar masa taya.

Ni kuwa ina gefe, ƙarƙashin rumfar kwano,
da injin iska mai tari da bahon ruwan sabulu,
ina neman inda kumfa ke fita.
Kowace fashewa mudun shinkafa ce a gidana.
Ni da ramin nan, uwa ɗaya uba ɗaya.

Amma na ga abin da yake ci kafin ya rage mini.
Jatau direba ya kwana uku da tumatir kwando ɗari biyu,
ruwa na ɗiga ƙarƙashin mota, ja, kamar an yi yanka.
Ya ce, Barau, kar ka ce tumatir ne,
noman shekarar wani ne ke tsiyaya.

Iya Risika kan ɗauko kifi daga Epe da asuba,
kafin ta ga kasuwa ƙuda ya riga kowa tayawa,
ta karyar da shi, ta koma da bashi a wuya.

Sai ga masu hular kwano da igiyar awo.
Suka shafa jan fenti a rumfata, katafila ta yi sauran.
Diyyar da na karɓa ba ta kai kuɗin kwanon ba.
Shekara biyu muna shan laka, muna cewa kwangila ce,
za su ci su gudu kamar na jiya.

Ba su gudu ba. Kwalta ta kwanta, baƙa wuluk,
motoci na wucewa ko kallona ba sa yi.
Mako guda, faci uku.
Na zagi kwalta, Allah ya yafe mini,
na yi kewar rami ba kunya.

Nduka mai kayan gyara ne ya zauna kan bencina
ya ce, daina ƙirga wanda ya lalace, ƙirga wanda ya iso.
Na ƙirga da tsinken ashana har kwali ya ƙare.
Direban da kan iso da azahar, yanzu tsakar dare yake isowa,
kasuwa a rufe, mota duk ƙurar Jebba,
yana neman ruwa, wurin sallah, da inda zai miƙe baya.

Na kwashi adashi, na sayar da babur,
na kama hayar fili, na haƙa burtsatse.
Yau yara biyar ke wanke tirela a hannuna,
biyu 'yan Agege, ɗaya Ba'ijebu, biyu daga Gumel.
Iya Risika ta sa firiza a kusurwar filin,
kifinta na shiga kasuwa da sanyinsa,
ita ke yanka farashi, ba mai saya.

Kada in yi muku ƙarya, ba kowa ya haye ba.
Kuɗin haya ya tashi, Baba Gambo mai shayi
ya naɗe teburinsa, ban san inda ya nufa ba.
Gudu kuma ya ci mana yaro ɗaya a watan azumi,
har yau muna roƙon gadar tsallaka hanya.

Shekaran jiya, bayan ruwan dare,
na ga tsaga a kwanar nan, tsawon tafin hannu.
Tsohon mai facin da ke cikina ya yi murmushi.
Na tsaya na dube shi, ya dube ni.
Sai na ɗauko baro da tsakuwa,
na durƙusa na yi wa hanya faci,
na farko da na yi ban jira lada a hannun mai taya ba,
na tashi da jiƙaƙƙen wando, yara na dariya.