Taku Na Goma Sha Huɗu

Sana'ata sauti ce.
A wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa a Tibilisi,
inda bango ke gumi ko a tsakiyar sanyi,
nake karya karas don a ji ƙashi ya ɓalle,
in matse tsumma a kwano, a rantse jini ne.
Shekara ashirin da shida
ina ara wa tsoro murya, ana biyana.

Ranar Talata Gocha ya kawo fim ɗinsa,
minti goma sha ɗaya, ba ƙari.
Ba dodo a ciki, ba wuƙa.
Wata uwa ce a kicin
tana jera faranti biyu kowane dare,
alhali ɗan nata tun bazara ruwa ya ci shi,
a kogin nan da baƙi ke kira Kura.
A minti na tara sai ta ɗaga kai.
Wani na hawowa bene.
Ba a nuna ƙofa. Fuskarta kawai.

Ya ce, "Eteri, taku nake so.
Kada ya yi nauyi, kada ya yi sauri.
Takun wanda ya san gidan."

Na gwada takalmin soja, ya cika tsawa.
Na gwada silifas, abin ya koma wasa.
Can da dare na buɗe kabad ɗin da ban taɓa ba
tun ranar da aka fita da Tamaz a kafaɗa.
Ga takalminsa ruwan ƙasa,
dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda
saboda yadda yake jan ƙafar nan
tun faɗuwarsa a tashar jirgi.
Har yanzu yana ƙanshin man gogewa.

Ƙafata ta yi masa kaɗan,
sai na zura hannuwana.
Na durƙusa gaban katako,
na yi tafiyar mijina da tafin hannu:
taka, ja,
taka, ja.
Matakala goma sha uku ne a benen fim ɗin.
Na ƙirga su da baki.
Na kashe na'ura.

Da safe na saurara.
Goma sha huɗu.

Na mayar baya. Na sha shayi. Na sake.
Ga shi nan a allo,
ɗan tudu kamar ƙwayar shinkafa,
bayan shirun daƙiƙa biyu.
Ya fi sauran taushi,
irin takun mutum da ya iso bakin ƙofa
yana laluben makulli a aljihu.

Wataƙila ni ce.
Hannu ma yakan ƙi tsayawa
in ya sami abin da ya daɗe yana nema.
Na ɗora yatsa kan maɓallin gogewa
har shayin ya huce.

Aka nuna fim ɗin daren Asabar,
mutum arba'in, kujerun roba, injin ɗumi na tari.
Da aka zo wurin,
wata tsohuwa da ban sani ba ta damƙe hannuna,
farcenta ya bar mini alama huɗu.
Gocha ya rungume ni a waje, cikin yayyafi,
ya ce, "Wannan na ƙarshen!
Yaya aka yi kika san a nan zai tsaya?"
Na ce aikina ne.

Ban mayar da takalmin kabad ba.
Yana bakin ƙofa, hancinsa na kallon ciki.
Ba na tuna lokacin da na juya shi haka.

Yanzu ƙarfe biyu saura.
Firji ya yi shiru, titi ya yi shiru.
Ni da na san yadda ake haɗa kowace ƙara,
da karas, da tsumma, da ƙyauren banza,
ina zaune a kicin, kunne a buɗe,
ban kunna komai ba.

Faranti ɗaya na ɗauko.
Na tabbata ɗaya na ɗauko.