Kafin Kasuwar Gujungu

Gobe kasuwar Gujungu.
Sagiru mai gyaran waya ya taya, na ce albarka,
ya ƙara dubu biyar, na sallama.
Injin ban-ruwa nake nema
kafin fadamar Kwalam ta janye ta bar ni da irin tumatir a hannu.

To ga ni da kwamfutar a zaure, dare ya raba,
batirin sola na ƙugi a gefe.
Shekara bakwai ina cike wa mutanen garin nan takardu a kanta,
tallafin taki, jarrabawar yara, asusun banki.
Duk wanda ya zo sai ya rage murya:
"Malam Basiru, riƙe min, ni mantuwa gare ni."
Ni kuma in ce mata ta riƙe.
Ta riƙe.

Ban san rumbu na gina ba sai yau da na leƙa.

Ga kalmar sirrin Inna Tabawa,
shekarar da ruwa ya ci gidanta.
Ga ta Ɗan'azumi mahauci,
sunan wata mata ce, ba kuwa ta gidansa ba,
da lamba biyu a wutsiya.
Ga hoton takardar asibitin Habu
wadda ko mahaifiyarsa ba ta gani ba.
Ga bashin da ake bin Alhaji Mudi,
shi da ba ya fita sai da sabuwar hula.
Ga ta na'ibin liman. Wannan kam bakina da goro.

Duk wannan zan miƙa a jakar leda?
Sagiru ba ɓarawo ba ne,
amma shagonsa ba ƙyaure, yaransa kuma ba linzami.

Sai na yayyaga takarda ƙanana-ƙanana,
in rubuta, in ninke, in sa sunan mai ita a baya,
sannan in share,
ɗaya bayan ɗaya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa.
Kowace sai ta tambaye ni: ka tabbata?
Tun da nake, ba wanda ya taɓa yi min tambayar nan
sau arba'in a dare guda.

Tasi'u ɗan yayata ya leƙo yana dariya.
"Kawu, a kwandon shara ka zuba, ba ka ƙone ba,
mai tono zai tono.
Fita daga kowane asusu tukuna,
sannan a kankare ta har gindin tukunya,
ta koma yadda ta fito daga kwali."

Na ce tsaya.
Akwai wani abu can ƙasa, ba suna, lamba kawai.
Na danna.

Muryar Baba ce, daminarsa ta ƙarshe,
yana lissafa min iyakar gona:
daga tsamiya zuwa suri,
daga suri zuwa inda muka binne jakin nan mai taurin kai.
Ya yi tari, ya ce,
"Wannan abin naka yana ji na kuwa?"

Minti ɗaya da daƙiƙa tara.

Tasi'u bai ƙara dariya ba.
Ya zaro memori, ɗan abu bai kai farce ba,
muka kwashe Baba a ciki,
na naɗe na soke a naɗin hulata.

Sannan na danna na ƙarshe.
Wani layi ya kama tafiya a hankali
kamar ruwan farko a busasshen lambatu.
Assalatu ta same mu tana gaishe ni gaisuwar baƙo,
tana tambayar sunana.
Ban faɗa mata ba.

Da hantsi na bi gida-gida da takardun a aljihu.
Ɗan'azumi ya karɓi tasa bai kalle ni ba,
ya jefa cikin wutar tukuba.
Inna Tabawa ta juya tata, ta sake juyawa,
ta ce, "Ni da ba na karatu?"
Na sunkuya na raɗa mata: shekarar ruwa.

Ta ce, "Au, wannan ce?
Wannan ai ba a ba wani ajiyarta."